Kama da wane ba ta wane: a sake duba yadda muke koyar da zane a lakwal

Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da alli. Na ba da maki iri-iri, na yaba, na tsawata, yawancinsu kuma na manta da su tun kafin in kai gida. Amma akwai wani biyu bisa goma da na rubuta da jan biro a kayen wata yarinya 'yar ajin CM1, a nan Tsauni, wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta kama ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin na tabbata ba ni kaɗai ke tafka irin wannan kuskure ba, kuma iyaye ma suna da nasu kason a ciki.

A watan Oktoba ne, ba a daɗe da komawa lakwal ba. Damina ta ɗauke, amma tafkin da ke bayan gari bai ƙafe ba tukuna. Ranar wata Juma'a da hantsi lokacin zane ya zo, ni kuwa ban shirya komai ba, sai na ce kowa ya zana tafki. Yara sittin da takwas gare ni a shekarar. Da na zagaya, abin da na saba gani shi na gani: da'ira mai kama da ƙwai, an shafe cikinta da shuɗin biro, kifi ɗaya a tsakiya yana kallon hagu, rana a kusurwar takarda da gashinta a tsaye kamar tsintsiya. Wasu har sun ƙara da gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, irin wanda babu ko ɗaya daga nan har Matamaye. Na yi ta raba bakwai da takwas ina wucewa.

Da na iso kan yarinyar nan sai na tsaya. Babu da'ira, babu kifi, babu rana. Ta cika shafin tun daga sama har ƙasa da gajerun layuka a kwance, wasu da biro, wasu da fensir. A wani wuri sun matsu har takardar ta yi duhu, a wani wuri sun warwatsu. Ta dangwali jar ƙasa daga daɓen aji, ta jiƙa ta, ta goga da yatsa a gindin shafin. A tsakiya kuma ta bar wani fari mai karkace, ba ta taɓa shi ba. Na ɗaga kayen sama na nuna wa aji, na ce, "Wannan kuma mene ne? Kaza ce ta yi tono?" Aji ya kwashe da dariya. Na rubuta makin, na ƙara da kalmar Faransanci mai nufin ƙazanta, na wuce.

Ita ce mai sharar aji a ranar. Bayan an tashi na tarar da ita ita kaɗai, na tambaye ta don me ta ɓata kayen da mahaifinta ya saya da kuɗinsa. Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Mushe, kai ka ce mu zana tafki. Haka yake da sassafe in na je ɗiban ruwa, bayan shanu sun sha sun fita."

Na ce, "To, farin nan na tsakiya fa?"

Ta ce, "Nan ne rana take shiga. Ba ya kalluwa."

Washegari bayan sallar asuba na taka har bakin tafkin, na tsaya inda mata ke tsayawa. Gani ya kori ji. Daga bakin ruwa tafki ba shi da da'ira. Tsuntsun da ke sama ne kaɗai yake ganinsa haka. Abin da ke gabana gajerun layuka ne masu motsi, wasu masu duhu, wasu masu haske, da jan taɓo a gefe inda kofatai suka dama, sai wata karkatacciyar hanya ta haske da ta ratso tsakiyar ruwan, wadda in ka zuba mata ido sai hawaye ya zo. Yara sittin da bakwai sun zana abin da muka saba zana musu a allo, ɗaya ta je ta kalli tafki, ita ce kuma na bai wa biyu.

Me muke koyarwa da sunan zane?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu malamai. Zane yana cikin jadawalin darussa, amma a yawancin azuzuwanmu shi ne maraya. In an makara a lissafi, lokacinsa ake ci. In shifta ba ta ƙare ba, shi ake ci. In malami ya gaji ko yana da kayen da zai duba, sai ya zana mangwaro ko tuta a allo ya ce a kwafa, ya zauna. Wanda mangwaronsa ya fi kama da na malam shi ne gwani. Haka aka yi mana, haka muka fito daga makarantar horar da malamai muka ci gaba da yi, ba tare da mun taɓa tambayar kanmu abin da yaro ya ƙaru da shi ba.

Ba ina raina kwafi ba ne. Hannu yana buƙatar horo, kuma babu magini ko mai ɗinki da bai fara da kwaikwayon maigidansa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne mun mayar da kwafi shi ne farko shi ne ƙarshe, mun kuma mayar da kamanni shi kaɗai ne ma'auni. Yaron da ya yi shekara shida a haka zai fita da darasi ɗaya da ya zauna masa daram: abin da ke allo shi ne gaskiya, abin da idonsa ya gani kuwa ba abin dogaro ba ne. Wannan darasi ba ya tsayawa a lokacin zane, yana bin yaro har cikin darasin kimiyya, inda za a ce ya lura da tsiron wake ya faɗi abin da ya gani, sai ya zuba wa malam ido yana jiran a faɗa masa abin da ya kamata ya gani.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Kifin da ke cikin da'irar nan ya yi kama da kifi, amma babu tafkinmu a cikinsa. Shafin yarinyar bai yi kama da komai ba a ido na farko, amma duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa da sassafe zai gane shi in ya natsu.

Abin nan namu ne tun kaka da kakanni

Akwai wani reshe na zane da masu fasaha a duniya suka daɗe suna yi, wanda ba ya kwaikwayon surar abu. Mai zanen yakan kalli ruwa, ko haske, ko fili, ya ɗauko motsinsa da launinsa da nauyinsa, ya bar siffar. In aka nuna wa mutanenmu irin wannan a waya, sai a yi tsaki a ce shirmen Turawa ne. Abin dariyar shi ne, mai faɗin hakan sau da yawa yana sanye da hula da babbar riga waɗanda aka cika da irin wannan zane.

Dubi aska takwas a ƙirjin riga. Wa ya taɓa ganin askar wanzami mai wannan fasali? An ɗauko tsininta ne kawai aka jera, aka bar sauran. Dubi dagi, wanda ke jikin gidaje da riguna da sirdi daga Damagaram har Zariya. Dubi saƙi, wanda masaƙa suka ɗauko yanayinsa daga jikin zabo: babu baki, babu ƙafa, babu fiffike, ɗigon fari ne a cikin baƙin shuɗi, amma kowa ya gani ya san zabo ne. Dubi faifan da kakanninmu mata ke saƙawa, da zanen bayan ƙwarya, da tabarma, da lallen amarya. Duk wanda ya shiga unguwar Birni ko Zango a Damagaram ya ɗaga kai ya kalli fuskokin tsofaffin gidaje, zai ga yadda magina suka murɗa laka ta zama layuka masu shiga juna, waɗanda kamanninsu ke sauyawa yayin da rana ke tafiya, saboda inuwar da ke faɗawa cikin ramukan zanen. Maginin da ya yi wannan ya san haske sarai, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Kada kuma mu manta da allon zayyana. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani, allon da ake ƙawata masa ba mutum a jiki, ba dabba, sai murabba'i da da'ira da layuka da launuka, an tsara su da lissafi. Babu uban da ya taɓa kallon allon saukar ɗansa ya ce, "Wannan bai yi kama da komai ba."

Ko harshenmu ma shaida ne. In Bahaushe zai faɗi launi, sai ya ce ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ganye, ruwan zuma. Wato ya kalli goro, ya ajiye siffarsa gefe, ya ɗauko ruwansa kaɗai. Abin da yarinyar nan ta yi wa tafki ke nan. Da harshen uwarta ta yi zanen, ni kuma na auna ta da hoton littafin da aka buga a wata ƙasa.

Duniya ma ta san darajar wannan hannu namu. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. A Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a ƙarni na 19.

Wasu sun kai abin nesa

Bari in kawo misalin mutum uku daga waje, domin malamin da zai so ya ba ɗalibansa labari.

Na farko Bafaranshe ne, Claude Monet, wanda ya rasu a 1926. Ya haƙa tafki a lambunsa a ƙauyen Giverny, ya shuka bado a ciki, irin badon da yaranmu ke tsinka a tafkunan damina. Ya shafe kusan shekara talatin na ƙarshen rayuwarsa yana zana wannan tafki ɗaya, har zanen ya kai wajen 250. Tun yana zana gaɓa da gada, har ya bar su, ya koma zana fuskar ruwan kawai da abin da sama ke zubawa a cikinta. Manya-manyan cikinsu suna wani gidan adana zane a birnin Paris tun 1927, mutane na bin layi don su gani. In da Monet ɗalibina ne a ranar Juma'ar nan, da shi ma biyu zai samu.

Na biyu ya fi kusa da mu. Ibrahim El-Salahi ɗan Sudan ne, an haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin addini ne mai koyar da Alƙur'ani. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo gida ya baje kolin aikinsa, sai ya lura mutanen garinsu ba su damu da shi ba. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya koma ya duba abin da idonsu ya saba da shi: rubutun allo, da lanƙwasar baƙaƙen Larabci, da adon da ke jikin kayan gida. Daga nan ya gina salonsa. A 2013 babban gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin aikin rayuwarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne jerin zanen da ya yi a kan wata itaciya da suke kira haraz a bakin kogin Nilu. Haraz ɗin nan ba wata ba ce illa gawo, wanda ya cika gonakinmu daga Matamaye zuwa Magarya da Mirya, mai zubar da ganye da damina ya tofo da rani. A yawancin zanen nan ba za ka ga reshe ko ganye ba, sai layuka a tsaye, siri-siri, an jera su da haƙuri. Tsayuwar itaciyar ya zana, da taurin kanta na saɓa wa sauran itatuwa. Mu da muke kwana muna tashi a gindin gawo, yaushe muka taɓa fita da ɗalibai mu ce su kalle shi?

Na uku ƙungiya ce. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce za su karɓi dabarun da malamansu Turawa suka kawo, amma kowa zai haɗa da fasahar gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Yau sunayensu na cikin manyan masu zane na Afirka. A ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma bai iso ajin firamarenmu ba har yanzu.

Abin da za a ce mini

Na san abin da abokan aikina za su ce, domin mun sha yin wannan gardama a gindin bedi lokacin hutun ƙarfe goma. Za su ce, "Yaran da ba su iya karatu ba, ajin zana, babu tebur, babu littafi, kai kana maganar zane?" Maganarsu tana da nauyi. Ni ma na koyar a rumfar kara, na san yadda iska ke ɗauke takarda daga cinyar yaro. Kuma in aka ce in zaɓa tsakanin karatu da zane, karatu zan ɗauka ba tare da na yi dogon tunani ba. Sai dai ba wanda ya ce mu zaɓa. Lokacin yana nan a jadawali, ba ƙari nake nema ba. Kuma na ga abin da idona: yaron da ya zauna minti ashirin yana kallon abu ɗaya don ya zana shi, in ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani, bakinsa yakan buɗe. Daga nan jimla take fitowa, da Hausa tukuna, sannan da Faransanci. Yaran da ba sa ɗaga hannu a darasin nahawu sau da yawa a nan ake fara jin muryarsu.

Na biyu, za a ce babu kayan aiki. Wannan kam ban yarda ba. Wanda ya zana gidajen Birni bai sayi fenti daga Faransa ba. Muna da gawayi, da jar ƙasa, da farar ƙasa, da toka. Muna da zoɓorodo, da lalle, da shunin wanki, da karan dafi da dukawa ke rina fata da shi. In aka jiƙa ƙaro aka zuba kaɗan, launin zai kama takarda, kamar yadda kowane almajiri ya sani daga haɗa tawada. Asuwaki in aka tauna bakinsa ya zama buroshi. Takardar buhun siminti da kwalin shago sun isa wurin zane, in ma babu, ga rairayin tsakar lakwal. Ba sai an kashe ko dala ba.

Na uku daga iyaye yake zuwa, kuma ya cancanci a saurare shi da ladabi. Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin kasuwa ya ce, "Malam, mu fa ba mu aiko 'ya'yanmu su koyi zana mutane da dabbobi ba, ka san abin da addini ya ce." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, kuma abin da nake so su zana babu mai rai a ciki." Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya kawo kukansa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, shi kuma ya nuna masa cewa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ruwa, da haske, da hadari, da tudun rairayi, da gonar gero duk suna cikin wannan fili. Hasali ma kwafin littafi ne ke sa yara zana mutum da kare. Hanyar da nake kira a bi ta fi kusa da allon zayyana.

Na huɗu shi ne wanda ya fi wuya, kuma ni kaina na daɗe ina juya shi. In aka ce ba sai zane ya yi kama da abu ba, ashe ba a buɗe ƙofar lalaci ba? Kowane malalacin yaro sai ya yi jagwalgwalo ya ce hadari ne. Haka ne, za a samu masu yi. Amma bambance su ba shi da wuyar da ake zato. Ka tsuguna kusa da yaron ka tambaye shi abu uku: me ka kalla, me ya sa ka sa wannan a nan, in za ka sake me za ka canza? Wanda ya yi jagwalgwalo zai yi shiru ko ya yi dariya. Wanda ya kalla zai ce maka, "Nan ne rana take shiga." Ni ban yi tambayar ba sai bayan na rubuta maki, wannan shi ne laifina.

Sai maganar ko zane yana ba da abinci. Ba kowane yaro ne zai zama El-Salahi ba, kamar yadda ba duk mai koyon lissafi ke zama injiniya ba. Amma mu duba garuruwanmu: tela, da mai ɗinkin hula, da magini, da mai lalle, da baduku, da mai rubuta allon shago, da saurayin da ke tsara katin biki a kwamfuta, duk da ido suke ci. Manomi ma haka. Wanda ya iya bambance koren gero mai lafiya da wanda ya fara neman taki, ko ya kalli gabas ya san hadarin da zai zubar da wanda iska za ta watsa, ya riga maƙwabcinsa da kwana biyu. Lura sana'a ce, kuma koyonta ake yi.

Ga abin da nake roƙo

'Yan'uwana malamai, ku gwada wannan ko sau ɗaya a wata. Ku goge allo, ku fita da yara. Ku zaɓi gawo ɗaya kusa da lakwal, su zana shi a Oktoba yana tsirara, su sake zana shi cikin hunturu lokacin da hazo ya shanye gefen duniya, su kuma zana shi da bazara da tsakar rana, lokacin da inuwarsa ta taru a gindinsa. Ku ajiye takardun, a ƙarshen shekara ku jera su a bango, ku bar yaran su faɗi abin da ya canza. Masu kusa da fadamun Korama, ku kai su su kalli yadda iska ke bi ta kan rake. Wata rana ku hana su zana gefen abu gaba ɗaya, ku ce launi kaɗai za a sa. Wata rana ku gayyato tsohuwa mai saƙa faifai ko maginin gari, ya zauna gaban aji ya nuna yadda yake fara zanensa da inda yake ƙarewa. Za ku sha mamakin yawan lissafin da ke ciki. In dole sai kun ba da maki, ku ba da shi a kan lura da haƙuri da bayanin da yaron ya yi. Abu ɗaya kuma nake roƙo da babbar murya: kada ku ɗaga aikin yaro sama don a yi masa dariya.

Ku kuma iyaye, in kun ga yaro ya tsuguna yana zane a ƙasa ko a bayan kaye, kada kalmar farko ta zama "ɓarna". Ku ce, "Me ke nan ka zana? Nuna mini." Minti ɗaya ne. In bangon ɗaki yake ɓatawa, a ba shi kwali. Uwa mai yin lalle ko saƙa, ki bar 'yarki ta ƙirƙiro nata zanen ko da bai yi kama da naki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tun yana ɗanye ne kuma ake karya shi.

Ranar Litinin da ta biyo baya na tsaya gaban aji na ce na yi kuskure, na ba su labarin zuwana bakin tafki, na ce yarinyar ta kawo kayenta in gyara makin. Ta kawo. Shafin babu shi, ta yage shi tun ranar Juma'ar. Da lokacin zane ya sake zagayowa na ce kowa ya zana abin da ya ga dama. Ta zana da'ira mai kyau, ta shafe ta da shuɗi ba tare da ta fita layi ba, ta sa kifi a tsakiya yana kallon hagu, ta miƙo mini tana kallon fuskata. Har shekarar ta ƙare ban sake ganin irin wancan shafi daga hannunta ba.

Yanzu ta gama firamare, tana kwaleji, in mun haɗu a hanya takan rusuna ta gaishe ni kamar kowane ɗalibi. Ni kuwa tun daga shekarar, duk Oktoba sai na kai ajina bakin tafki da sassafe kafin ya ƙafe, mu tsaya inda mata ke tsayawa, in ce kowa ya yi shiru ya kalla tukuna. A kowane aji akan samu biyu ko uku da ke barin fari a tsakiyar takarda. Ina roƙon duk malamin da ya ci karo da irinsu ya tambaya kafin ya buɗe jan biro.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar yaran da aka danƙa mana, ya yafe mana inda muka gaza.